Azurfa a Cikin Taki

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Maraɗi, mu wajen goma sha a bayan wata tsohuwar a-kori-kura, da buhunan gishiri, da wata akuya da ta fi kowannenmu samun wurin zama. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda na samu gida, ga labarin nan, domin na gaji da ce muku lafiya lau alhali da sauran magana. Abokina da na sauka a gidansa ya yi alkawarin zai raka ni, amma da gari ya soma wayewa sai ya tuna 'yan ajinsa suna da jarrabawa a lakwal, makarantar bokon da yake koyarwa. Ya kai ni tasha, ya saya mini shayi da burodi, ya juya. Haka na kama hanyar Madarunfa ni kaɗai a cikin mutane.

Bari in gaya muku abin da ya kai ni, don kada ku zaci yawon shan iska ne. Babana maƙerin azurfa ne, ya ƙare rayuwarsa yana ƙera zobba da awarwaro da 'yan kunne a wani ɗaki da ke ƙofar gidanmu. Ya rasu bara da kaka ina Faransa, labarin bai iske ni ba sai bayan sadakar bakwai. An raba abin da ya bari, ban ce a ajiye mini ko allura ba. Abu ɗaya nake so, ƙasar da ke cikin maƙerarsa. Maƙerin azurfa ba ya yarda a share masa ɗaki a zubar, saboda duk gugar da ya yi da magagari, garin azurfa na zuba ƙasa, ido bai gani. Sai an kwana biyu, gab da wata damina, ya haƙe ƙasar ya kai tafki ya wanke, ya narka abin da ya samu. Wannan azurfar ba ta mai kawo aiki ba ce, kuma ba a sayar da ita, a gida take tsayawa. Ranar da zan tafi karatu Baba ya nuna mini ƙasar da ƙafarsa, ya ce ba zai taɓa ta ba sai na dawo mu wanke tare. Karatu ya ja, na zarce da aiki, shi kuwa ya cika maganarsa.

Hanya ba laifi har Jiratawa, inda gonakin ban-ruwa suke kore shar, sauran ƙasa kuwa ta bushe ƙamas. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba gumi ya jiƙe mana riguna. A gefen hanya masu fetur na kwalba sun jera, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, ga mangwaro tuli-tuli kusan kyauta, ƙudaje sun fi masu saye yawa. Direba ya karɓi dala sittin a hannun kowa, ni ya ce dala ɗari, wai tun da aka karya darajar sefa komai ya tashi. Ban san cewa a kan mai tabarau ta fi karyewa ba, amma na biya, don ba ni da abokin da zai taya ni faɗa. Jandarma ya tsai da mu sau ɗaya, ya leƙa, ya gaisa da akuya da ido, ya ɗaga mana hannu.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni baƙo daga ina. Na ce ɗan Madarunfa ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ba ta yarda ba, sai da na faɗi sunan Baba. Nan take ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta ja hannun rigarta ta nuna mini awarwaron da ya yi mata na aure, ya sha jiki har zanen ya kusa shafewa. Na so in taɓa shi ƙwarai. Amma hannun matar mutane ne, sai na kalle shi kawai har ta mayar da rigarta.

Mun shiga gari da hantsi. Garin yana nan yadda na bar shi, ni ne dai ya manta. Na wuce majalisa biyu na yi sallama, suka amsa mini irin amsar da ake yi wa ma'aikacin gwamnati da ya zo ƙidayar dabbobi. Yayana ba ya gida, yana Najeriya cin rani bai dawo ba. Matarsa ce ta tarbe ni, 'yar garin Gabi, ɗiyar manoma, wadda aka aura bayan tafiyata, ban taɓa ganinta ba sai ranar. Muka yi gaisuwar rashi a tsaye a tsakar gida, ta kawo mini fura mai sanyi, ta tsaya har na shanye. Tun daga Maraɗi na aiko da saƙon baki ta hannun wani direba cewa ina tafe, kuma a maƙerar Baba nake so in sauka. Saƙon ya iso daidai, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba.

Ta wuce gaba tana murmushi, ta ture ƙofar maƙerar. Ɗakin ya sha farar ƙasa har sama, baƙin hayaƙin da na sani a bango babu shi. Ƙasa kuwa an shimfiɗa farin yashi na gulbi, mai laushi, an daidaita shi da tsintsiya har ana ganin sawunta. Ga sabuwar tabarma, ga buta, ga turaren wuta yana tashi a kasko.

Na ce, "Yaya, ina ƙasar da ke nan?"

Ta ce, "Baƙar nan mai gawayi? Ai mun kwashe ta. Ni da matan maƙwabta munka haƙe ta har munka tad da ja. Mutum ya taho tun daga ƙasar Turawa, sai in bar shi ya kwana cikin toka?"

"Ina anka kai ta?"

"Bisa juji. An kwashe da taki an kai gona." Sai ta ga fuskata, murmushin ya tafi, ta kira ni da laƙabin Faransanci da ake girmama 'yan boko da shi a nan. "Mushe, mi na yi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na ji kamar in ɗaga murya har maƙwabta su fito. Amma na dubi tafin hannunta, duk kanta ce sabuwa ta haƙa, sai na gaya mata al'adar a hankali. Ba ta taɓa ji ba. Tun da ta zo gidan ba a yi wankin ƙasa ba, yayana bai gaji ƙira ba balle ya faɗa mata, Baba kuma ba mai yawan magana ba ne. Ta zauna a bakin ƙofa ta rufe baki da gefen zane. Ta ce tun ranar da aka fitar da tsoho ba ta iya shiga ɗakin ba, sai da ta ji ina zuwa.

Da azahar na kwanta a kan tabarmar, ɗaki fes kamar na amarya, babu ko warin gawayi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ma azurfa ce aikina, kuma ban taɓa samun damar bayyana wa Baba ba. A inda nake aiki muna yin ƙwayoyin azurfa a cikin ruwan magani, ƙanana ƙwarai, waɗanda in ka jera dubbai ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. Garin da ke zuba daga magagarin Baba dutse ne a kansu. Kowace ƙwaya muna lulluɓe ta da wani abu mai kama da maiƙo, siriri, don kada ta manne da 'yar uwarta. Sai mu ɗiga ruwan a kan ɗan faifai, mu bar shi ya bushe a hankali. Yayin da ruwan ke janyewa, ƙwayoyin na matsowa kusa, kowace na neman inda za ta zauna, har su jeru da kansu sahu-sahu, kowace da maƙwabta shida kewaye da ita. Babu hannun da ya jera su. In sun yi yawa sai wani sahu ya hau kan wani, su tashi gini mai tsari. Amma sai girmansu ya zo ɗaya, wadda ta fi ko ta gaza ana ture ta gefe, can bakin taro. In kuma ka yi gaggawa ruwan ya bushe farat ɗaya, sai ka samu tarkace. Ana ganinsu ne da wata na'ura da ta fi mutum tsawo, a ɗaki mai duhu da sanyi, inda nake wuni ni da su. Suna zama kusa da juna, a tsare, amma maiƙon nan ba ya barin ɗaya ta taɓa ɗaya. Haka nake zaune da maƙwabtana a benen da nake haya, kuma na daɗe da lura da hakan.

Da rana ta yi sanyi na nemi maƙwabcin da ya kwashe jujin, wani magidanci mai amalanken jaki. Ya ji bayanina ya girgiza kai, ya ce in hau. Gonar tana can yamma da gari, hanyar yashi ce, jakin kuma ba ya son a yi masa gaggawa. Duk gonakin da muka wuce an zuba taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa, gabas kuma ta soma haɗa hadari tana fasawa. Ya ce da zarar ruwa ya sauka za a baje komai a yi shuka, daga nan ko mai duba ba zai gane ƙasar maƙera ba. Shi ma don ya kyauta wa yayana, ya riga ya baje fiye da rabin gonar. Kowa a garin nan ya yi mini kirki, kirkin ne ya kashe ni.

Muka bi sauran tsibin ɗaya bayan ɗaya ina tonawa da hannu, kashin awaki da toka da ƙaiƙayi. Can kusa da wani gawo na ga tsibi biyu da suka fi sauran baƙi. Na tona na ci karo da gutsuren kaskon da Baba ke narka azurfa a ciki, gefensa ya yi ƙyalli don wuta. Na zauna a ƙasa riƙe da shi, mai amalanke ya juya baya yana gyara igiyar jakinsa wadda ba abin da ya same ta. Muka cika buhu biyu muka dawo.

Washegari da sassafe muka nufi tafki, ni da matar yayana da ƙorai biyu. Ban ce ta zo ba, na fito na tarar ta riga ta ɗaura ɗankwali. Ruwan ya ja baya sosai, sai ka yi tafiya a kan busasshen laka kafin ka kai shi. Masunta na ciki da kwale-kwalensu, fararen tsuntsaye na bin gefe, mata na soya kifi a ƙarƙashin itatuwa, ƙamshin har cikin ruwa. Na yi sallama ga waliyyan da ke kwance kewaye da tafkin, yadda Baba yake yi in mun zo, sannan muka shiga har gwiwa.

Aikin kamar regar gero ne. Ka zuba ƙasa a ƙwarya, ka cika da ruwa, ka yi ta juyawa, mai sauƙi ya tafi, mai nauyi ya kwanta. Ni hannuna ya manta, sai ruwan ya kwashe komai ko ya ƙi kwashe komai. Ita kuwa ƙwaryar na rawa a hannunta. Ta rege ta farko tas, taki da gawayi suka tafi, ɗan baƙin yashi ya rage a gindi. Kafin in buɗe baki ta watsa shi cikin tafki, ta ɗauraye ƙwaryar. Hannun da ya saba rege hatsi ya san abin da ya kwanta a gindi tsakuwa ce. Muka tsaya muna kallon inda ya faɗa. Ta ce, "Wayyo ni, na sake!" Sai dariya ta kama ni, irin wadda ke zuwa da hawaye, ita ma ta kama. Tun da na sauka daga jirgi ban yi dariya ba sai ranar. Daga nan muka raba aiki, ita ta rege, ni in ƙwace ƙwaryar tun kafin hannunta ya tuna.

Da muka fito hutawa na sayo mana kifi da ƙuli-ƙuli, ta tambaye ni wane irin aiki ne ya riƙe ni haka a can. Na ciro hoton da na taho da shi, wanda dā Baba na yi niyyar nuna wa, na ƙwayoyin nan a jere. Ta riƙe shi da gefen yatsu don kada mai ya taɓa, ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Wanga ai ƙwan kihi ne."

Na ce azurfa ce, kuma su suka jera kansu.

"Ba wanda ya taɓa su?"

"Ba kowa. Sai dai a ba su lokaci, kada a girgiza su."

"To mi a kan yi da su in sun jeru?"

Na ce har yanzu muna dubawa, wataƙila wata rana su yi amfani a cikin na'urori. Ta miƙo mini hoton, ta ce lallai Turawa na da abinci, tun da har suna ciyar da mai kallon ƙwan kifi. Ban ji haushi ba, don na san da Baba ne abin da zai faɗa bai wuce haka ba, sai dai shi zai ƙara da tambayar ko azurfar mai kyau ce.

Sai bayan la'asar muka gama buhu biyun. Bayana ya ƙage, ƙafafunmu sun yi fari sun tattare. Abin da ya taru muka sake regewa a hankali, har wani siririn layi mai ruwan toka ya fito a gefen baƙin yashin, yana ɗan ƙyalli in rana ta doke shi. Duka-duka bai cika murfin kwalba ba.

Akwai wani tsoho abokin Baba, shi ma maƙerin azurfa, wanda kayan aikin Baba suka koma hannunsa. Can na kai da safe. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce muryata ta mahaifina ce. Ya zuba garin a kasko ya rufe da gawayi, ni na zauna a bayan zugazugi, na Baba ne, fatar ta san hannuna ko da hannun ya yi laushi. Da wuta ta yi fari ya buɗe ya ce in leƙa. Garin ya zama ƙananan ɗigo masu sheƙi, suna rawa, suna gangarowa. Waɗannan ba su da maiƙon da zai raba su, duk biyun da suka haɗu sai su zama ɗaya, babba ta haɗiye ƙarama, har aka bar guda tana juyawa a tsakiya. A wurin aikinmu in haka ta faru cewa muke aiki ya lalace. Ya jefa ta a ruwa ta yi cuu, ya ɗora mini a tafin hannu. Ba ta fi ƙwayar wake ba.

Ya ce, "Ɗana, ba ta kai zobe ba. In ƙara maka daga tawa?"

Na ce a'a, Baba, a bar ta haka. Ya gyaɗa kai.

A hanyar komawa gida na yanke shawara. Matar nan ita ta yi jinyar Baba, ita ke dama masa kunu, ita ke zaune a gidan ita kaɗai rabin shekara. Na same ta tana tankaɗe, na miƙa mata, na ce a yi mata ko ɗan abin hanci ne. Ta goge hannu ta karɓa, ta jujjuya ta, sannan ta yage bakin wani tsohon ƙyalle ta ƙulle ta tam, ta mayar mini a hannu.

Ta ce, "Ni na ga tsoho har ranar da anka ɗauke shi. Na ji maganarshi ta ƙarshe, na rufe mishi ido. Kai ne ba ka samu komi ba, Mushe. Riƙe abinka."

Na sa ƙullin a aljihu. Na shiga ɗakin farin yashi na ɗauki jakata.

Motar komawa ta fi ta zuwa sauri, kuma wannan direban bai ga tabarau ba. Muna wuce Jiratawa iska ta taso, hadarin da ya kwana biyu yana yaudara ya tsinke. Mutanen mota suka hau hamdala, wani ya cire hula ya tara kansa, aka ja tamfol aka rufe gishiri aka bar mu a waje. Na taya su murna da baki. A raina ina ganin gonar nan ta yamma, ruwa na dukan sauran aikin Baba yana shigar da shi ƙasa, gobe a bi da shuka a kai.

Na iso Maraɗi jiƙe sharkaf, abokina ya ba ni riga, ya tambaye ni ko an dace. Na kwance ƙyallen na nuna masa, ya duba, ya dube ni, ya ce to Allah ya sa albarka. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ka aika gida cewa kana zuwa, ka faɗi abin da zai kawo ka, domin mutanenmu in suna son ka, abin da ka zo nema shi za su fara kawarwa don ka ji daɗi. Kuma wanda ya zauna ya fi wanda ya tafi samun gado, ko da ba a ba shi komai ba. Jibi zan hau motar Yamai, daga can in koma bakin aiki. Ƙullin yana aljihun gaba, ina yawan taɓa shi in ji ko yana nan.